Ruwan da Ba Ya Janyewa

Kawuna ne ya shigo da maganar babban barajin nan, wato madatsar ruwa, cikin gidanmu, kuma tun ranar ban yarda da ita ba. A lokacin ban san komai game da barajin ba, amma Kawu kam na san shi sarai.

Ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekaru yana biɗa, wato ci-rani, a Abijan kamar yawancin mazan Adar, ya dawo Tawa da agogon hannu da takalmi mai tsini da bakin da ba ya gajiya. Duk sana'ar da ya gani a can, gani yake mu ne sakarkarun da ba mu fara ta ba. Ya taɓa sayo injin matse lemu, ya kafa shi a bakin tasha, sannan ya tuna lemun daga nesa ake kawo mana shi. Injin yana nan bayan ɗakinsa, kaji na ƙwai a ciki.

A bazarar da nake magana ina lise, babbar sakandare, wuta kuwa ta zama baƙuwa a unguwarmu. Ta zo da hantsi, kafin ruwan randa ya san ta zo ta koma. Masu saida ƙanƙara sun zama sarakai, sai ka yi layi ka yi godiya. Nan Kawu ya ga ƙofa. Ya ce gwamnati na gina baraji a kan kogin Isa, can yamma, irin wanda faɗinsa ya fi garin Tawa, kuma ranar da aka gama shi wuta ba za ta ƙara ƙiftawa ba har abada. Mai hankali, in ji shi, yanzu zai sayi manyan firijo masu daskarar da ruwa, kafin kowa ya farka su yi tsada. Abin da ya rage kawai shi ne a sayar da garka.

Garkar tana cikin kwarin Barmu. Gadon kakana ce, ba a taɓa raba ta tsakanin Inna da Kawu ba. Fadama ce baƙa, da rijiya a kusurwarta wadda mahaifina ya gina da hannunsa kafin ya rasu, ruwanta kusa, guga ba ya wahala. Wani ɗan baffan Inna ke noma ta, a raba albasa. Da albasar nan nake karatu, da ita muke sayen hatsi idan damina ta yi gardama. Akwai wani Alhaji mai fataucin albasa da ya daɗe yana zagaya ta kamar kura da garken awaki, kuma kowa ya san rijiyar yake so. Kawu ba zai iya sayarwa ba sai Inna ta ce to.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Inna ba ta ce a'a ba. Ta ce za ta yi tunani. Tana da dalilanta, ban raina su ba. Gwiwoyinta sun fara ciwo, hanyar Barmu a bayan mota ba wasa ba ce, kuma ɗan baffan nan kowace shekara buhunan da yake kawowa ƙara ƙanƙancewa suke, kullum da sabon labarin tsutsa. Amma babban dalilin shi ne kalmar kanta. A kunnen Inna, baraji ƙanen albarka ne.

Ina ƙarama aka zo aka tare ƙoramar da ke sama da garkarmu da duwatsu cikin ragar ƙarfe. Shi muke kira baraji. Kafin a yi shi, ruwan damina zuwa yake da gudu kamar an koro shi, ya kwashe ƙasa ya wuce, washegari yashi ya bushe. Bayan an yi shi ruwa ya koyi zama. Ya kwanta makonni, ya nutse, rijiyoyi suka ɗago. Yana janyewa mutane na bin sa da wake da dankali da tumatir a kan danshin da ya bari. Inna ta sha gaya mini ranar da ruwa ya fara tsayawa mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dushe. To ga wanda ya ga wannan da idonsa, in ka ce masa za a yi wani wanda ya fi shi sau ba adadi, me kake so ya ji ban da daɗi?

Na yi ta yi mata magana. Na ce tun ina firamare rediyo ke cewa an kusa gama barajin nan. Na ce ko an gama, wa ya ce wayarsa za ta iso Tawa kafin ta gaji a Yamai? Na ce Kawu ko tukunyar shayi ka ba shi ajiya sai ka ƙirga kofuna. Inna ta ce ni dai tun da na shiga lakkwal na yi boko kowa ɓarawo ne a wurina, har liman. Na ce liman bai ce a sayar da garka ba.

Duk lokacin da na ƙure Kawu, amsarsa ɗaya ce.

“Tambayi Madam. Ɗiyar can ce, da idonta ta gani.”

Madam ungozoma ce da aka turo asibitin haihuwa, tana haya a ɗakuna biyu na gaban gidanmu. Mutuniyar bakin kogi ce, Hausarta ta koyo, tana magana a hankali kamar mai tsallake ƙaya. Ni Tanti nake ce mata. Ba ta da hayaniya, ta fita da safe da farar rigarta a jaka, ta dawo ta ja labule. Da can Kawu sannu kawai ke haɗa su. Da maganar baraji ta taso sai ga shi yana tsayawa da ita a zaure, gaisuwa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Rannan na gan shi ya miƙa mata ƙwan zabo a ƙwarya. Mutumin da bai taɓa kawo wa yayarsa ko goro ba.

Na tare ta wata rana tana wanke kwanoni, na tambaye ta ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Ba ta ɗago ba. Ta ce gaskiya ne, ana aikin. Na tsaya ina jiran sauran, ta kife kwanonin ta shige ɗaki. Daga nan na sa mata ido. Na lura tana daɗewa a waya da yarensu, murya ƙasa ƙasa, kuma cikin maganar da ba na ji, kalma ɗaya nake tsinta tana dawowa, baraji. Na haɗa ƙwan zabo da wayar da shirun, na yanke cewa Kawu ya yi mata alkawarin wani abu cikin cinikin, ita kuma ta ara masa bakinta. Na gaya wa Inna haka. Ta ce in ji tsoron Allah, matar da ke karɓar haihuwar mutane. Na ce masu karɓar haihuwa ma suna cin ƙwai.

Haka muka ja har damina ta kusa ɗaukewa. Alhajin albasa ya aiko sau biyu. Inna ta ce a bari a cire gero tukuna, amma na ga alamar ta gama saukowa, har ta fara tambayar Kawu ko firijon nan zai iya daskarar da zoɓo da ruwan tsamiya, don ita ma ta riƙa ƙullawa.

Sai wata Juma'a da hantsi rediyo ta yi dogon bayani. Aka ce aiki ya yi nisa, an fara tashin garuruwan bakin kogi zuwa sababbin matsugunai, gidaje na siminti, da famfo, da makaranta, kuma su za su fara samun wuta. Aka lissafo garuruwan. Inna na tsince shinkafa, ta tsaya cak, ta ce wannan na ukun ai garin su Madam ne.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya san matan Adar ya san shi. In alheri ya sami maƙwabci, ba a barin rana ta faɗi ba a je barka ba. Inna ta aika aka kira maƙwabtanmu biyu, ta dama fura ta zuba nono mai kyau, ta ƙulla goro, ta sa turare. Bayan la'asar, Madam ta dawo daga aiki ke nan, suka yi sallama a ƙofarta. Na bi su. Ban je barka ba, na je in ga fuskarta ne idan an ambaci barajin gaban mutane.

Ta shimfiɗa mana tabarma. Aka gaisa. Inna ta tura kwanon fura gabanta.

“Madam, barka da arziki. Mun ji a rediyo. Allah ya kawo muku ruwa har ƙofar ɗaki, ga gida sabo, ga wuta. Mu da munka saba da roƙon ruwa, mun san abin da kunka samu.”

Maƙwabtan suka amsa da barka, barka. Ɗayar har ta ce ina ma a ce Tawa ce a bakin wannan ruwa.

Madam ta dubi furar, ta dubi goron. Ta ce ta gode. Ta sake cewa ta gode. Sai ta yi wata ƴar dariya da ba ta kai ido ba, ta sa gefen mayafinta ta rufe baki. Matan suka dubi juna. Ni kuwa na ce a raina ga shi nan, kunya ta kama ta. Ban iya jira ba, ban taɓa iyawa ba.

“Tanti, mi kika ce ma Kawu? Kullum da sunanki yake rantsuwa.”

Inna ta harare ni. Madam ta sauke mayafin, ta ce Kawu ya tambaye ta ko da gaske ana gini, ta ce da gaske, ta ga motocin. Ya tambaye ta ko zai ba da wuta, ta ce haka aka ce. Bai ƙara tambayar komai ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ƙwan kuma, in ji ta, na godiya ne, matarsa ce ta zo awon ciki.

Ban gamsu duka ba, amma Inna ta riga ta karɓe maganar. Ta ga dariyar nan ba ta farin ciki ba ce, tana son ta gyara. Ta ce ta sani tashi daga gidan da aka saba akwai wuya, amma ai na ɗan lokaci ne. Ta ba ta labarin barajinmu na Barmu, yadda ruwa ke rufe gonakin ƙasa, masu gonakin su yi haƙuri, in ya janye su fi kowa samu.

“In ruwan ya janye, sai ku koma ku shuka. Danshin baraji ba shi da na biyu.”

“Inna, ba ya janyewa.”

Inna ba ta gane ba. Ta ce ko da rani? Madam ta ce ko da rani. Ko da bazara, lokacin da tabkuna ke tsagewa? Ko da bazara. Ta ce don haka ake gina shi, don ruwan ya zauna, ya taru ya yi zurfin da zai shanye doguwar giginya, ya juya injunan wuta. In ya janye, wutar ta mutu.

Na ga Inna tana juya wannan a kanta kamar mai tauna tsakuwa cikin tuwo. A ƙasarmu babu ruwan da ba ya tafiya. Ƙorama ta kwana ɗaya ce, tabki na wata uku ne ko huɗu, duk rayuwarmu dabarar riƙe ƙafarsa ce ya ɗan ƙara zama. Ruwan da zai zo gonarka ya zauna har jikokinka su tsufa, wannan ba ya cikin abin da Inna ta taɓa saƙawa a ranta. Ni ma, da duk karatun taswirar da na yi, ban taɓa tsayawa na hango shi haka ba.

Daga nan Madam ta yi magana fiye da duk wadda ta yi tun zuwanta gidanmu. Ta ce mahaifinta na da gonar shinkafa a bakin ruwa, da mangwarori da kakansa ya dasa, da wurin da ciyawar ruwa ke fitowa wadda shanunsu ke ci da rani. Duk za su shiga ƙasan tabkin. Wayar da nake ji tana yi, da shi ne. Tsoho ne, ya ce ba ya tashi, ƙannenta na roƙonta ta lallashe shi don ita yake ji. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta tambaya a hankali, maƙabarta fa? Madam ta ce mahaifiyarta na can. 

Inna ce ta dawo da maganar inda ta fi sani. Ta tambaya ina aka kai sabon garin. Madam ta ce a kan tudu, nesa da inda ruwan zai kai. Gidajen ba laifi, ta gan su. Gonaki an ce za a gyara musu wasu, da injin ban ruwa, nan gaba. Inna ta ce ƙasar wurin wace iri ce? Madam ta rasa kalmar, ta ƙwanƙwasa daɓen ɗakin da yatsa, ta ce ja ce, da tsakuwa, tauri kamar wannan.

“Fako,” in ji Inna. “Sun karɓi fadama sun ba ku fako.”

Na ɗauka daga nan Madam za ta zagi barajin da masu gina shi, kuma da ta yi da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Ta ce mu da muke zaune ba mu san abin da duhu yake ba sai mun shiga ɗakin haihuwa an ɗauke wuta. Ta sha ɗinke mace tana riƙe da fitilar waya a baki. Akwai na'urar da ke ɗumama jariran da suka zo kafin lokaci, wuta na ɗaukewa take zama akwati, in man janareto ya ƙare sai a naɗe yaro a ƙirjin uwarsa a yi addu'a. Ta ce akwai waɗanda ta riƙe a hannunta da wuta kaɗai za ta tsayar da su. Ta ce tana son wutar nan fiye da Kawu, don shi ƙanƙara yake so. In an ce ta zaɓa tsakanin gonar ubanta da ɗakin haihuwa mai haske, ba ta san abin da za ta ce ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Muka tashi ba a sha furar ba. A tsakar gida Inna ta ce mini in na sake yi wa babba irin wannan tambaya gaban mutane sai ta fasa mini baki. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban ce Madam ta wanku sarai ba. Mutumin da ya san rabin magana ake yawo da shi da sunansa, ya kamata ya fito da sauran ba sai an kai masa fura ba. Har yau haka nake gani.

Ranar kasuwar Barmu ta gaba Inna ta ce in shirya. Muka hau mota da gwiwoyin nata da ƙullin irin albasa a bakin zane. Ba ta gaya wa Kawu ba. Ta sa ɗan baffanta ya gyara fangali kusa da rijiya, ta zauna a kan juyayyen bokiti tana nuna masa da sanda, ni ina jan guga. Ta yafa irin da hannunta. A wajenmu ba a cinikin ƙasa da shukar wani a kanta, kowa ya san haka, Alhajin ma ya sani. Da Kawu ya kawo shi ganin wuri bayan kwanaki, suka tarar da iri ya tsiro kore shar, ƙasa jiƙe. Alhaji ya yi murmushi ya koma motarsa.

Kawu ya zo gida yana huci. Ya ce Inna ta kunyata shi gaban mutane, ta bar yarinya da baƙuwa sun juya mata kai. Ya ce garkarmu ina, kogi ina, wa ya ce ruwa zai ci Barmu? A nan kam yana da gaskiya, kuma Inna ba ta musa ba. Ta ce ba ruwan take tsoro ba. Ta ce mutanen can hukuma ce ta tashe su, ba su da yadda za su yi, aka ce su ba da ƙasa yau su karɓi alkawari gobe. Ita ba wanda ya tashe ta, ba za ta tashi kanta ba.

“In wutar ta zo, ƙanena, albasa za ta saya mini firijo. In ba ta zo ba, firijo ba ya saya mini albasa.”

Ya ce to a raba gado. Ta ce a raba.

Aka raba bayan an cire albasa, gaban mai gari da malam. Namiji kashi biyu, mace ɗaya, ba gardama. Da aka zo zaɓen gefe Inna ta ce a rage mata faɗi a bar mata kusurwar rijiya, tun da mijinta ya gina ta, kuma dattawa suka ce haka ne. Kawu ya sayar da nasa ga Alhajin, a ƙasa da abin da ya sa rai, don rijiyar ba ta ciki. Garkar da na sani tun ina rarrafe ta koma ƴar tsiri, da shingen ƙaya a tsakiya. Na yi kuka ranar, na ɓoye, don kada Kawu ya gani.

Ya sayi firijonsa guda biyu. Ba zan yi ƙarya ba, in wuta ta zauna yana samu, da azumi har layi ake yi a ƙofarsa. In ta ɗauke kwana biyu sai ka gan shi zaune yana fifita da kwali, yana gaya wa mutane an kusa gama baraji. Ba a gama ba har yanzu da nake rubutun nan. Madam an mayar da ita wani gari. Kafin ta tafi ta ce mahaifinta ya yarda ya hau tudun, amma kullum da safe sai ya sa a kai shi ya ga mangwarorinsa.

Kawu ya yi kusan shekara bai taka gidanmu ba. Azumin da ya wuce sai ga ƙanƙara ya aiko, babban dunƙule a cikin buhu, ba saƙo ba gaisuwa. Inna ta yi murna, ta ce zumunci ya motsa, ta auna masa albasa a kwando ta mayar. Na sha ruwan sanyin, ya yi daɗi. Amma na ji labari Alhajin ya gina rijiya biyu a ɓangarensa duk sun ba da ruwa kaɗan, kuma an ga motarsa a ƙofar shagon Kawu. Na gaya wa Inna, ta ce ni dai ba na canzawa. Na ce ta sha ƙanƙarar, amma in ya zo da ƙwan zabo ta kira ni kafin ta amsa sallama.